Tamar Cleveland: dutsen da ya haifi Middlesbrough

Ɗan Dala:
Assalamu alaikum jama'a. Wata takwas ke nan ina zaune a Middlesbrough, arewa maso gabashin Ingila. Kafin in zo, sanina da garin bai wuce ƙwallo ba, kulob ɗin da Yakubu Aiyegbeni ya buga wa, daga baya Mikel Obi ma ya ɗan taɓa. Ran Asabar na hau tsaunin Eston da wani abokin aikina ɗan gari. Daga can sama kana hangen kogin Tees har inda ya faɗa teku, gefensa kuma wani makeken fili fetal. Ya ce min nan masana'antar ƙarafa ta Redcar take a da. An rufe ta a 2015, aka sa nakiya aka rushe babban tanderunta a ƙarshen 2022. Sai ya buga ƙafa a ƙasa, ya ce daga ƙarƙashin inda muke tsayen nan komai ya faro.

A farkon ƙarni na 19 Middlesbrough 'yar rugar manoma ce, mutum 25 kacal. A 1830 aka kawo layin dogo don lodin kwal a jiragen ruwa, gari ya fara tsiro. A 1841 wasu abokai biyu, Henry Bolckow wanda haifaffen Jamus ne, da John Vaughan, suka buɗe ma'aikatar ƙarfe, sai dai tama tana yi musu nisa da tsada. Ranar 8 ga Yuni 1850 Vaughan da wani injiniyan haƙa mai suna John Marley suna zagaya tsaunin Eston suka yi kiciɓis da shimfiɗar tama mai kauri, ta fi tsayin mutum biyu. A 1851 mutanen garin ba su kai 8,000 ba. A 1871 sun doshi 40,000, a 1901 sun haye 90,000. Ramin Eston kaɗai ya ba da wajen tan miliyan 63 kafin a rufe shi a 1949.

Ga abin da ya hana ni sakat. Tamar yankin nan na Cleveland ba ta kirki ba ce, ƙarfen cikinta wajen kashi 30 cikin 100 ne. Ta yaya dutse mara auki haka ya gina gari sukutum? Kuma ganin halin da wasu unguwannin ke ciki yau, riba aka ci ko asara?

Jikan Maƙera:
Wa alaikumus salam. Kashi 30 fa ka ce? Wato in ka zuba buhu uku, da ƙyar ka tashi da buhu ɗaya? Kakana ya sha ba mu labarin yadda iyayensu ke zaɓen tama kafin a kai ta wuta, a ɗaga a ji nauyi, a fasa a duba ciki. Wadda ba ta da nauyi a daji ake barinta, don gawayin da za ta ci ya fi ƙarfen da za ta bayar.

Baba Injiniya:
Ɗana Ɗan Dala, ka ɗauko zance mai kyau. Amsar tambayarka ta farko ba a cikin dutsen take ba, tana cikin tazara. Tanderun narka tama abu uku yake ci: tama, toyayyen kwal, da farar ƙasa mai kwashe dattin dutse. Tama tana Eston, 'yan kilomitoci daga bakin kogi, kuma da farko ma a gefen tsauni ake sararta a fili, a gangaro da ita a kan dogo. Kwal irin wanda ke toyuwa ya yi tauri yana Durham, tsallaken Tees, yana cikin mafi kyau a duniya. Farar ƙasa tana Weardale. Jirgin ƙasa ya riga ya haɗa su, ga kogi yana jiran ya fitar da kaya. Idan kuɗin dako ya yi ƙasa haka, tama mai kashi 30 da ke bakin ƙofarka ta fi mai kashi 60 da ke bayan teku.

Jikan Maƙera, abin da kakanka ya faɗa gaskiya ne, su ma sun san shi. Shi ya sa suke fara gasa tamar kafin ta shiga tanderu, ruwa da iskar da ke cikinta su fita, nauyinta ya ragu. Sannan suka riƙa gina tanderu masu tsayin da ba a saba gani ba a Birtaniya, don kwal kaɗan ya yi aiki mai yawa. Zuwa shekarun 1870 wajen kashi ɗaya bisa uku na ɗanyen ƙarfen ƙasar duka daga bakin Tees yake fitowa. A 1883 aka kai ƙololuwa, tan miliyan 6 da dubu 750 na tama a shekara guda.

Matashin Kabuga:
Baba, ni fa ina ganin sa'a ce kawai. Allah ya ajiye musu komai wuri ɗaya. Ina abin koyo a nan?

Baba Injiniya:
Yaro, da sa'a ce kaɗai da garin ya mutu tun kafin 1880. Bari in gaya maka.

Tamar Cleveland tana da wata cuta da ta fi ƙarancin ƙarfe muni, wato sinadarin fosforas. Idan ya shiga ƙarfe, ƙarfen kan yi gautsi, musamman a sanyi, ka buga ya karye kamar ƙanƙara. Muddin ana yin ƙarfe irin na da, wanda ake juya shi a wuta da hannu, ana iya rage cutar. Amma a 1856 Henry Bessemer ya fito da dabarar hura iska cikin narkakken ƙarfe, a sami ƙarfe mai ƙwari cikin 'yan mintoci, da araha. Dabarar ba ta cire fosforas. Kamfanonin jiragen ƙasa suka koma sayen dogon sabon ƙarfen don ya fi daɗewa nesa ba kusa ba, kasuwar dogon Middlesbrough ta faɗi warwas a tsakiyar shekarun 1870. Kamfanin Bolckow da Vaughan, yana zaune a kan dutsen tama, sai ga shi yana sayo tama daga Sifaniya.

Wanda ya warware matsalar ba hamshaƙi ba ne. Sunansa Sidney Gilchrist Thomas, akawun kotu ne a Landan, da dare yake zuwa ajin kimiyya. Ya yi tunanin cewa in aka shafe cikin tukunyar da dutse dangin farar ƙasa, aka kuma ƙara farar ƙasa a narkakken ƙarfen, fosforas zai bar ƙarfe ya bi datti. Shi da ɗan uwansa Percy Gilchrist suka gwada a Blaenavon ta yankin Wales, sannan manajan kamfanin Bolckow, Windsor Richards, ya ba su wuri da kuɗi. A watan Afrilu 1879 aka nuna wa duniya abin yana aiki a Middlesbrough. Thomas ya rasu a 1885 yana da shekara 34, ciwon huhu ya ci ƙarfinsa. Duk sanda na tuna yaron nan sai in ji wani abu a raina.

Dattin da ke fita kuwa, abin da maƙeranmu ke kira kashin maƙera, tunda ya kwashe fosforas sai aka riƙa niƙa shi ana sayar wa manoma a matsayin taki. Abin da ya so ya kashe gari ya koma abincin gona.

Malamar Tarihi:
Baba, Allah ya ƙara sani. In ƙara abu ɗaya a kan naka: waɗanda suka fi cin moriyar dabarar Thomas ba Ingilawa ba ne. Tamar Lorraine, yankin da Jamus ta ƙwace wani ɓangarensa daga Faransa a 1871, irin wannan cutar gare ta, kuma ta fi ta Cleveland yawa ninkin-ba-ninki. Jamusawa suka sayi izinin dabarar nan take, kafin ƙarnin ya ƙare sun wuce Birtaniya a ƙarafa.

Amma ni damuwata dabam. Tun da aka fara zancen nan sunayen masu kamfani muke ji. Bolckow ya zama magajin garin farko a 1853, ya zama ɗan majalisarsu na farko a 1868, ya ba gari filin shaƙatawa na Albert Park, an kafa masa mutum-mutumi. A 1862 Gladstone ya zo ya kwatanta garin da jaririn Hakulis, gwarzon ƙarfi na tatsuniyar Girkawa. To su wa suka shiga ramin? Tan miliyan 63 ba da bakin alƙalami aka fito da shi ba.

Ɗan Dala:
Malama, kin taɓo inda nake son zuwa. A gidan kula da tsofaffi nake aiki, kuma akwai wani dattijo da ya haura 80 wanda ya yi aikin rami yana saurayi, a North Skelton, ramin ƙarshe da aka rufe a Janairun 1964. Mahaifinsa da kakansa duk mahaƙa ne. Idan na zo sa masa takalmi da safe yakan riƙe ni da hira.

Ya ce a zamanin kakansa mutum biyu ke aiki tare, mai fasa dutse da mai loda shi. Mai fasawa yana huda dutsen da wani dogon ƙarfe, da ƙarfin damtse kawai, yana bugawa yana juyawa, sannan ya ɗura albarushi ya kunna ya ja da baya. Ba a biyansa da yini, da nauyin abin da ya fitar ake biya, kuma kuɗin albarushi daga aljihunsa yake fita. Haske kyandir ne. Dawakai ke jan kekunan tama a ƙarƙashin ƙasa, yara matasa ke kora su. Ana haƙa hanyoyi a bar ginshiƙan dutse suna riƙe da rufi, in an kai ƙarshen fili sai a juyo ana cinye ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya, rufin yana zubewa a bayanka. A lokacin nan aka fi mutuwa. Ya ce mahaƙi na gari da kunne yake aiki, in katakon tokare ya fara kuka ba ka tsayawa ɗaukar ko kwanon abincinka.

A ramin Eston kaɗai ɗaruruwan maza da yara ne suka rasu. A 1953 iskar gas ta fashe a ramin Lingdale, mutum 8 suka riga mu gidan gaskiya, kuma har yau ƙauyen bai manta ba.

Mutanen kuma baƙi ne kusan dukansu. Manoma daga Norfolk da Lincolnshire da noma ya daina riƙe su, mahaƙa daga Cornwall, 'yan Wales da 'yan Ailan waɗanda suka fi yawa a bakin wuta. Akwai wata unguwar mahaƙa a Eston da ake kira California har yanzu, don rububin da aka yi ya tuna wa mutane na zinariyar Amurka. A 1872 suka kafa ƙungiyarsu ta ƙwadago.

Malamar Tarihi:
Allah sarki. Ka ga wannan shi ne tarihin. Don Allah ƙanena ka riƙa rubuta abin da dattijon nan ke gaya maka, in ya yarda. Irinsu saura kaɗan.

Ɗan Arlit:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina ta karantawa shiru, amma da aka zo kan rufe rami na kasa haƙuri. Mu nan Arlit ta Nijar mun gani da ido. Ramin yuraniyom na Akokan an rufe shi a ƙarshen Maris 2021, bayan sama da shekara 40 ana aiki. Ba ma'aikaci kaɗai abin ke taɓawa ba. Mai nama, mai ɗinki, mai gidan haya, mai tuwo a bakin hanya, kowa sai ya ji a jikinsa. Don haka amsata ga tambayar Ɗan Dala ta biyu ita ce asara ce. Gari ne aka gina a kan abin da ke ƙarewa. Tun ran da aka fara haƙa aka fara ƙirga kwanakinsa.

Baba Injiniya:
Ɗan uwana na Arlit, Allah ya kawo muku sauƙi, na san zafin da kake magana a kai. Amma ban yarda a haɗa su kai tsaye ba. Abin da aka haƙa a Akokan an ɗan tace shi ne aka ɗora a mota ya bar ƙasa. Tamar Eston ba ta je ko'ina ba sai da ta zama ƙarfe, ƙarfen ya zama dogo, ya zama jirgin ruwa, ya zama gada, duk a bakin kogi ɗaya. Kamfanin Dorman Long da aka kafa a 1875, wanda ya haɗiye na Bolckow a 1929, shi ya gina gadar Tyne a Newcastle a 1928, shi ya gina babbar gadar Sydney ta Ostireliya da aka buɗe a 1932, kuma mafi yawan ƙarfenta daga Middlesbrough aka yi dakonsa. Ramin ƙarshe ya rufe a 1964, amma an ci gaba da narka ƙarfe har 2015, shekara 51 bayan nan, da tamar waje. Me ya riƙe su? Hannu da ƙwaƙwalwar da tama ta bari.

Ɗan Arlit:
Na ji, Baba. Amma ƙarshenta ai rufewar aka yi.

Ɗan Dala:
An rufe, kuma ba zan ɓoye muku ba, tabon yana nan. Sama da mutum 2,000 suka rasa aiki kai tsaye a 2015, ban da 'yan kwangila. Unguwanni irin su South Bank da Grangetown, da aka gina don ma'aikatan ƙarfe, suna cikin mafi talauci a Ingila. Ƙauyukan mahaƙa na gabashin Cleveland za ka ga layin gidaje biyu ko uku a tsakiyar gonaki, ba ka gane dalilin zamansu a wurin sai an ce maka da akwai rami. Wasu rafuffukan har yau ja suke gudana kamar an zuba manja, ruwan tsofaffin ramuka ne ke fitowa da tsatsa. Can cikin tsaunuka akwai Rosedale, da mutanenta suka tashi daga ɗari biyar da 'yan kai a 1851 zuwa kusan 3,000 a 1871. A shekarun 1920 aka daina haƙa, yanzu tumaki ke kiwo a gindin wuraren gasa tama.

Duk da haka na tambayi dattijon nan ko yana da-na-sani. Ya ce ramin ya ci gwiwoyinsa, amma 'yarsa ta zama malamar jinya, jikansa injiniya ne a tashar jiragen ruwa ta Teesport. Bai ce riba ba, bai ce asara ba. Ni ma na fi karkata ga Baba Injiniya, sai dai ina jin nauyin in faɗi haka da ƙarfi, tunda ba gwiwata aka ci ba.

Matashin Kabuga:
To me ya sa suka daina haƙa? Tamar ce ta ƙare?

Baba Injiniya:
Ba ta ƙare ƙaf ba, mai kyaun ce ta ƙare. Shimfiɗar ta fi kauri a Eston, kana yin kudu tana sirancewa, tana nutsewa ƙasa, laka tana ratsa tsakiyarta. Kullum sai an ƙara zurfi don a sami abin da bai kai na jiya ba. A gefe guda jiragen ruwa suna ta girma, dakon tama mai sama da kashi 60 daga ƙetare ya koma araha. Lissafin tazarar da ya ɗaga su a 1850 shi ya juya musu baya. Tanderun Redcar da aka kunna a 1979 a bakin teku aka gina shi da gangan, don ya ci tamar jirgi.

Tunda kun sa ni magana, bari in faɗi abin da ke cina. Sau nawa na ji ana cewa tamar Itakpe ta jihar Kogi ba ta da kyau shi ya sa masana'antar ƙarafa ta Ajaokuta ta gagara? Tamar Itakpe wajen kashi 35 ce, ta fi ta Cleveland, kuma ana iya niƙa ta a tace ta haura 60. Tazararta da Ajaokuta kimanin kilomita 50 ne, ga kogin Neja. Tamar Agbaja, can kusa da Lokoja, 'yar uwar ta Cleveland ce, fosforas ne ciwonta, ciwon da aka samo maganinsa tun 1879. Abin da muka rasa na gaske shi ne irin kwal ɗin Durham. Na Enugu ba ya toyuwa ya yi taurin da tanderu ke so, na Lafiya da Obi kuma toka da farar wuta sun yi masa yawa, dole sai an shigo da wani. An sa hannu a kwangilar gina Ajaokuta da Tarayyar Sobiyet a 1979, shekarar da aka kunna Redcar. Nasu ya yi aiki ya tsufa har an rushe shi, namu ba a taɓa kunna masa wuta ba. Layin dogon Itakpe zuwa Warri da aka fara a 1987 sai a 2020 aka ƙaddamar da shi. Su dogo suka fara samu, tama ta zo ta tarar da shi.

Malamar Tarihi:
Baba, ban musa maka ba, amma a yi hattara da kwatancen. Middlesbrough ta tashi ne lokacin da duniya ke shimfiɗa dogo, masu yin ƙarfe kaɗan ne, kuma Birtaniya tana da daular da ke saye. Wanda zai kunna tanderu yau da Caina zai yi gasa, ƙasar da ke yin sama da rabin ƙarafan duniya. Arahar ƙarfen Caina tana cikin abin da ya durƙusar da Redcar ɗin kanta. Samun tama da kwal da dogo bai isa ba sai an san wa zai saya.

Baba Injiniya:
Gaskiyarki, Malama. Sai dai mai sayen yana gida. Mafi yawan rodin da ke cikin gine-ginen Abuja da Kano, ko dai an shigo da shi ko an narka shi daga gwangwan.

Jikan Maƙera:
Ni zancen nan ya taɓa ni ta wani gefen da ba ku ambata ba. A gindin Dala ana narka tama tun fiye da shekara dubu. Zuriyarmu sun san haƙarta, sun san gina tanderun yumɓu, sun san itacen da ke ba da gawayi mai zafi, ƙirya ce kan gaba. Abin da ya kashe sana'ar shi ne ƙarfen Turawa mai araha, wanda garuruwa irin wannan da kuke zance suka riƙa zubarwa a duniya. Da ya iso kasuwa, ba wanda zai kwana yana zuga don dunƙule ɗaya. Kakana bai narka tama da hannunsa ba, ya dai ga ƙarshen masu yi. Mahaifina da ƙarfen tsofaffin motoci ya yi fartanya da garma har ya bar duniya. Ni ko tamar ban taɓa riƙewa ba. Saboda haka in ana lissafin riba da asarar Middlesbrough, a sa mu a ciki.

Ɗan Dala:
Wallahi Yaya ban taɓa kallon abin ta nan ba, alhali a gindin Dala aka haife ni. Zan gaya wa dattijon gobe, na san zai so ya ji cewa akwai masu narka tama a garinmu tun kafin a san da nasu.

Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu zan je Skinningrove, wani ƙauye a bakin teku inda aka mayar da tsohon ramin Loftus gidan tarihi. A gaɓar tekun wajen ne mutane suka fara tsintar tama suna loda wa jiragen ruwa tun kafin a gano ta Eston.

Jikan Maƙera:
To in ka tsinci ɗan gutsure a bakin ruwan, kuma an yarda a ɗauka, ka taho min da shi in za ka zo gida. Wane launi gare ta?

Ɗan Dala:
Wadda iska ta daɗe tana bugu ja ce kamar tsatsa. In ka fasa ta, cikin toka-toka ne mai ratsin kore, da ƙananan ƙwayoyi kamar gero. Zan nemo maka wadda za ta shiga aljihu.